Ban Da

Firjin rigakafi na asibitinmu, gabas da Miga,
ba ya barci, ba ya gajiya da magana.
Kowane minti sai ya rubuta layi guda:
sanyi kaza, batir kaza, rana ta ba da wuta.
Wata ɗaya, layi dubu arba'in da ɗoriya,
kamar tsohuwar da za ta ba ka tarihin kowace kaza a gidanta.

Ranar Laraba kwalabe sha ɗaya suka lalace.
Tambarin wuyansu ya yi duhu,
allurar ƙyanda ta mutu tun ba ta ga dantsen yaro ba.
Daga Dutse aka ce in kawo dalili kafin Litinin.

Na zauna a benci da kwamfutar ofis a cinya,
na tuna Inna da faifai a bayan ɗaki.
Ita ba ta neman tsaba, tsaba tana nan,
ƙaiƙayi take kora.
Sai na rubuta a akwatin bincike:
kawo mini komai, ban da inda ka ce lafiya.
Dubbai suka zube, saura ɗari tara.
Ban da gyaran agogo. Saura ɗari shida.
Ban da gaisuwar da kake aika wa na'urar Dutse da asuba.
Ban da buɗe murfi, ai ni ce mai buɗewa,
sau ashirin a wuni ranar awon jarirai.
Saura layi bakwai.

Bakwai ɗin bakinsu ɗaya:
zafi ya hau, ƙarfe uku na dare.
Ba wanda ya ce don me.
Batir a cike, faifan sola ko ƙwarzane babu.
Na yi ta tankaɗe har na rasa abin tuƙawa.

Da safe na tarar da Inna tana tona dusar jiya da yatsa.
Ta ce, kafin awaki su ci sai na sake dubawa,
zoben Hansai a nan na taɓa tsintarsa.

Na koma na goge ban da guda ɗaya.
Murfi ya dawo da surutunsa, shafi bayan shafi,
na bi shi da farce har tsakiyar dare:
biyu da minti arba'in, an buɗe.
Bai zauna daidai ba sai kiran assalatu.
Dare bakwai a jere.

Makulli biyu ne.
Ɗaya a ƙulle a bakin mayafina.

Na sami Baba Tanimu a gindin darbejiya
yana goge batirin tocilarsa a gefen riga.
Bai musa ba. Bai ma san akwai abin musu ba.
Jikarsa Ladidi, jiki kamar garwashi,
sai ya jiƙa tsumma, ya cika gora,
ya sa su a sanyin gwamnati su ɗan huce,
ya kai mata goshi.
Gorar ta fi wurin tsawo, ita ta tokare murfin.
Ya ce, Malama, ruwa ne kawai, ban taɓa maganinku ba.

Yanzu takardar Dutse tana gabana,
gurbi ɗaya ne a kanta: dalili.
Kwalba sha ɗaya, kowace da rabon yara goma,
iyayensu za su tako daga bakin fadama ran Alhamis
in ce musu sai wani makon.
Ladidi ga ta can a ƙofar asibiti,
tana carabke da duwatsu biyar, wuyanta kamar sillen kara.

Na riga na koyi kalmar da ke ɓatar da layi.
Gajera ce, ba ta da wuyar bugawa.
Ɗan sandan nan na allo yana ta ƙyaftawa,
yana jira in faɗi wanda za a bari a faifai.